Abin da Ke Yawo a Jikin Taubashina

Taubashina ɗan gwaggona ne, manomin albasa a Argungu, kuma akwai shekarar da wani abu ya shiga ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya kusa raba shi da fadamarsa. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a kai ga yanka mana tamu ba. Ina da shagon ɗinki a Nassarawa, cikin Birnin Kebbi, keke ɗaya da benci ɗaya. Wata safiya a farkon damina ya shigo ya zauna a bencin, ya gaishe ni gaisuwar mutunci. Nan gabana ya faɗi, don tun muna yara bai taɓa gaishe ni bai haɗa da zagi ba. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a shari'ar taubasantaka ni ne ubangidansa. Bai taɓa amsa wannan hukunci ba. Ɗan boko yake kirana, don na yi 'yan shekaru a firamare kafin malamai su gaji su mayar wa mahaifina kayansa.

Ya kama hannuna ya ɗora a gefen cikinsa ya ce in ji. Na ji iyakar ilimina, ban tarar da komai ba sai ɗumamen da ya karya da shi. Ya ce abin yana nan, girmansa kamar kwaɗo. Yakan lafe shiru, sai ya motsa, ya bi ta baya ya hau wuya, ya tsaya a tsakar kai ya hura wuta. In ya sauko kuma ƙafafu su yi sanyi kamar ba nasa ba. Na ba shi shawara irin ta masana, na ce in kwaɗo ne a bar shi, damina ta kama, zai ji kukan 'yan uwansa ya fita da kansa. Bai yi dariya ba. Muna zaune sai na ga zufa ta karyo masa, leɓe ya bushe, ya dafe wurin ya rintse ido. Na ga masu ƙaryar ciwo da yawa a rayuwata, a makarantarmu ma darasi ne mai zaman kansa, kuma na san ba a yin irin wannan zufa da gangan.

Bazarar da ta gabata, bayan an cire albasa, ƙanensa ya rasu. Ciki ne ya kumbura masa, ido ya koma ruwan ɗorawa, kafin a gama shawarar inda za a kai shi rai ya yi halinsa. Taubashina ne ya yi jinyarsa, shi yake juya shi a shimfiɗa, shi ya shiga wankan gawa. A zaman makoki kowa ya yaba haƙurinsa, don ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Su biyu suke noman fadamar da mahaifinsu ya bari a kan hanyar Gulma. Babban wansu, wanda dukanmu muke kira Yaya, shi ke riƙe da gida da gonakin shinkafa da na gero, shi ke cewa wane ya noma nan, wane can. Fadamar albasa kuwa an daɗe da sanin ta taubashina ce. Daga ita rigarsa take fitowa, daga ita cefanensa, da ita yake cika wa mutane baki a kasuwa.

Muka fara zagaye. Asibitin Argungu ya riga ya je. Na kai shi na Birnin Kebbi, aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka karɓi har abin da ba a ambata a gaban abinci. Daga nan aka tura mu Sakkwato ɗaukar hoto. Ko'ina amsa ɗaya ce: hanta lafiya, ƙoda lafiya, jini lafiya. Ni a ganina albishir ne, har na nemi goro. Shi kuwa duk ƙofar da muka fito sai fuskarsa ta ƙara duhu, don a lissafinsa ciwon da ya iya ɓoye wa na'ura ya fi wanda aka gani sharri. A tashar Sakkwato, muna jiran mota ta cika, ya juyo ya ce mini:

"Ɗan boko, kai da kas sha bulalar makaranta, hwaɗa min. Ni ina jin abu, na'ura ta ce babu. Wa am maƙaryaci, ni ko ita?"

Na ce masa ni dai ban taɓa kama na'urar da ƙarya ba, shi kuwa na sha kama shi, amma a wannan karon ina ganin dukansu gaskiya suke faɗi. Yadda haka za ta yiwu kuwa, ba a kai nan a karatu ba aka sallame ni.

A gida mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce sammu ne ko iska, tunda asibiti bai gani ba. Wasu suka ce lalaci ne, tunda asibiti bai gani ba. Na farkon suka kawo wanzami ya yi ƙaho a wurin har fatar ta yi zane kamar ƙwaryar amarya. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, wata Bafulatana mai kawo musu nono ta zo da sassaƙen da na ɗanɗana sau ɗaya na tuba. Na biyun ba su kawo komai ba sai magana a bayan ido. Cewa suke tun da mai taya shi ya rasu ya ga aiki zai koma kansa shi kaɗai, sai ya nemi inuwa. Maganar ta bi ta rijiya ta iso kunnen matarsa, daga nan ta iso nasa. Wanda aka ƙaryata kuwa dole ya ƙara nishi don a yarda da shi, in ya ɗan ji dama ma tsoron nunawa yake, kada a ce ai dama mun faɗa. Kafin gero ya fitar da kai taubashina ya kwanta. Gwaggo, mahaifiyarsa, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure da filo da buta, don masu dubiya su same shi cikin sauƙi.

Na rufe shago na tafi Argungu, na zauna a bakin zauren nan na gudanar da bincike. Mutanenmu ba a fi su zumunci ba, in ka kwanta ba za a bar ka kai kaɗai ba. Tun hantsi ake sallama. Mai dubiya zai tsuguna ya ce sannu, ya jiki, a ce da sauƙi, don haka ake cewa ko rai na fita. Da a nan ake tsayawa da ba a yi ɓarna ba. Amma a wurinmu abin kunya ne ka zo duba mutum hannu rabbana, wanda bai samu fura ko lemo ba sai ya zo da labari. Zai tambayi inda ke ciwo, a nuna masa, ya girgiza kai ya ce haka surukinsa na Gulma ya fara, daga baya ido ya canza, Allah Ya jiƙansa. Yana fita taubashina zai aika a karɓo madubin matarsa, ya ja fatar ido yana leƙawa. Wani ya zo ya ce a lura da launin fitsari. Daga ranar sai a farin kwano yake yi, ya fito da shi haske yana nazari kamar mai sayen man shanu.

Kowa kuma da abin da yake hanawa. Wannan ya hana kifi, a Argungu fa. Wancan ya hana nono, wani ya hana mai, wani tsoho ya rantse albasa ce ke kawo irin wannan, ya faɗa a gidan da albasa ta gina. Aka bar bawan Allah da kunu tsararo. Ya rame, wuya ya fito, sai waɗanda suka hana shi abinci suka dawo suka ga rama suka ce ai ga shi nan, abin yana cin sa daga ciki. Babu mai mugun nufi a cikinsu, wasu da ƙafa suke tahowa daga nesa, wata tsohuwa har kuka ta yi masa. Amma na lura duk alamar da aka ambata da hantsi, kafin la'asar ta iso jikinsa. Kunnensa ya koma cikin cikinsa, ba ya jin komai na duniya sai motsin hanjinsa.

Ruwa ya fara janyewa daga fadama, lokacin zuba iri ya yi. Wata la'asar, bayan masu dubiya sun watse, Yaya ya shigo zaure ya zauna ya yi magana a hankali. Mutum ne mai iyali da yawa a kansa, ba shi da mugunta, ba shi kuma da lokacin zagaye-zagaye. Ya ce wani mutumin Augie mai sabon injin ban ruwa ya nemi aron fadamar. Ya ce zai sa a zuba iri, amma in iri ya isa dashe taubashina bai tashi ba, zai ba da aron, don ba za a bar ƙasa mai laima ta bushe a banza ba. Duk wanda ya san fadama ya san inda maganar ta dosa. Mai aro in ya gyara rijiya, ya zuba taki, ya yanka fangulansa na dashen albasa, ba a cewa ya tashi bayan shekara guda. Sai ta zama magana, a kai gaban manya, a yi ta ba da haƙuri, shekaru su wuce. Shi kuwa taubashina ya tabbata majinyacin gida, wanda ake aika wa tuwo a rufe. Ya juya fuskarsa bango.

Na sake ɗauko shi zuwa Birnin Kebbi, don na ji an kawo wani likita da ke sauraron mutum har mutum ya gaji da kansa. Mutumin gabas ne, Hausarsa irin ta rediyo. Ya duba sakamakon gwajin da aka yi a baya, ya kwantar da taubashina ya danna cikin lungu-lungu, ya duba ido da harshe. Sannan ya ja kujera kusa da shi ya tambayi yaushe abin ya fara, me kuma ya faru a gida kafin nan. Taubashina ya ce babu abin da ya faru. Ni na ce an yi rasuwa, na faɗi irin ciwon da gefen da ya kama mamacin. Likitan ya gyaɗa kai, ya tambayi lokacin da abin ke lafawa. Taubashina ya ce ba ya lafawa. Na ce a gafarce ni, amma a motar da ta kawo mu an yi gardamar farashin albasa da wani fasinja tun daga Argungu har muka shigo gari, ban ga an dafe ciki ba. Taubashina ya harare ni.

"Malam, ciwonka gaskiya ne," in ji likitan. "Ba ƙarya kake yi ba, kuma hankalinka lafiya lau. Amma hantarka ba irin ta ƙanenka ba ce. Na duba, sun duba."

Ya yi bayani, ni kuma na ɗauko abin da kaina ya iya ɗauka. Ya ce jikin kowa yana da 'yan motsinsa, hanji na juyawa, jijiya na harbawa, mai kwanciyar rai ba ya kula. In tsoro ya kama mutum, ko baƙin cikin da bai sami hanyar fita ba, sai ya tsare wuri ɗaya yana gadi. Tsoron ya ɗaure naman wurin, ya hana barci ya hana ci, zafi ya ƙaru, zafin kuma ya ƙara tsoro, a yi ta zagaye. Ya ce likitoci sun san shi, ba taubashina ne na farko ba, har suna gare shi. Ya faɗi sunan da Turanci, ya fi ƙarfin firamarena, na bar masa abinsa a asibiti. Ya ba shi wata 'yar ƙwaya da za ta taimaka wa barci, sannan ya gindaya sharuɗɗa. Ya riƙa zuwa a ranar da zai sa masa, da ciwo ko babu. A daina yawon magani da sake gwaji. Ya ci abin da kowa ke ci. In ido ya canza da gaske ko ciki ya kumbura, a zo nan take, ba sai ranar ta yi ba. Mafi wuya, ya koma aiki kaɗan-kaɗan, kada ya jira sai ciwo ya tafi. Da za mu fita ya ja ni gefe ya ce a rage masa zancen jiki a gida.

A hanya taubashina ya ce wannan likita bai san aiki ba, mutum ya zo tun daga Argungu ko allura ba a yi masa ba. Amma a tasha ya tsaya gaban mai soyayyen kifi ya daɗe, can ya ce tunda likita ne ya yi umarni, ba don ransa na so ba.

Na kai wa Gwaggo saƙo, na ce abin da ake so a taƙaita dubiya. Ta dube ni kamar na ce a rushe masallacin unguwa.

"Ni in tare ma mutane ƙohwa? Su zo don Allah in ce su koma? Kai dai bokon ga bai bar ka da komi ba."

Na ce to a roƙe su kada su tambayi jiki. Ta ce wanda ya tarar da mutum kwance me zai tambaye shi, farashin gero? Ta ci gaba da tsince shinkafa a faifai. Can ta ce ita dai ba za ta kori kowa ba, amma in sun zo ba su same shi a zaure ba, ba za ta ɓoye musu inda yake ba. Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ta ba ka rabin magana ta san za ka tarar da sauran a hanya. A wurinmu gaisuwa tana bin halin da aka same ka a ciki. Na kwance da tasa, mai ci da tasa, wanda aka tarar hannunsa cikin ƙasa shi ma da tasa, kuma ba a musanyawa.

Washegari na ɗora shi a bayan keken Yaya muka gangara fadama. Irin da aka zuba ya tsiro siriri kamar gashin jariri, ciyawa ta fara fin ƙarfinsa. Na shimfiɗa buhu a gefe na ce ba aiki zai yi ba, zama zai yi irin na zaure, bambancin kawai nan akwai iska. Ya ce na kawo shi daji ne in kashe shi in gaji rigunansa. Na ce rigunan da ni na ɗinka na san darajarsu, ba su kai a yi kisa a kansu ba. Ya zauna, ya juya wa rijiya baya. Kafin rana ta yi zafi yatsunsa sun shiga ƙasa, don manomi ba ya iya kallon ciyawa cikin iri ya haƙura.

Masu dubiya suka je gida, Gwaggo ta nuna musu hanya. Da yawa suka ce a gaishe shi, tunda har ya iya fita. Masu naci suka gangaro suka tarar da mutum tsugune, hannu duk laka. Na ga mai surukin Gulma ya buɗe baki ya rufe, ya rasa ta inda zai shiga, abin da ya fito daga ƙarshe shi ne sannu da aiki. Taubashina ya ce sannu kadai. Daga nan zance ya bi inda zancen fadama ke bi. Irin ya yi yawa wuri ɗaya, wa ya zuba shi haka kamar mai fushi, bana ruwa ya daɗe bai janye ba, tsutsa ta ɓata na wane. Tsohon da ya hana albasa ya zo da sabon mamaci a bakinsa, na miƙa masa ƙwarya na ce tunda Allah Ya kawo shi a taimaka da yayyafi. Kafin ya gama ya shiga koya mana yadda ake yayyafi a zamaninsu, mamacin bai samu shiga ba.

Kada a ɗauka warkewa ya yi. Wata rana ya kai hantsi a fadama, wata rana ya ƙi fita sam, ya ce yau abin ya hau ƙirji. Ni kuma ina zuwa ina komawa, masu ɗinki a Nassarawa suna aiko mini da gaisuwar da ba ta maimaituwa. Ranar ganin likita taubashina ya je da ƙarar cewa zuciyarsa na bugawa ba daidai ba, yana so a sake tura shi hoto. Likitan ya saurari ƙirjin da kyau, ya ce babu buƙata, ya tambaye shi labarin iri. Ya fito yana gunaguni, amma na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya fara yanka 'yan fangula da kansa, wato ƙananan gadajen da ake dasa albasa a ciki, yau kaɗan gobe kaɗan, yana yi yana hutawa.

Iri ya yi kauri ya isa dashe. Yayyafin iri da ƙwarya ake yi, amma dashe sai da jigo, jigo kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana bakin rijiya yana jan guga yana zubawa a magudana, ɗaya yana cikin fangula da kalme, wato fartanya, yana buɗe wa ruwa baki yana toshewa. Na ce ni zan ja. Na ɗaura sabuwar igiya na ja gugan farko, dunƙulen lakar da ke gindin sandar jigon ya rinjaye ni, ruwan ya juye a kaina, saura kaɗan in bi gugan. Na yi ta fama har kafaɗata ta tunasar da ni cewa ni tela ne. Taubashina yana kallo daga nesa. Tun da muka fara zuwa bai taɓa matsawa kusa da rijiyar ba. Na ce a nemi ɗan ƙwadago ya ja masa, ya ce a'a, bai faɗi dalili ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, fangula a bushe, iri yana tsufa a inda yake.

Ranar da Yaya ya zo da mutumin Augie ganin wuri, ranar ce abin ya tashi da ƙarfi. Suka iso a babur suka tarar da taubashina kwance a gindin mangwaro ya naɗe, zufa ta jiƙa riga. Ba a dasa ko fangali ɗaya ba. Yaya ya tsaya a kansa ya ce ya ga ƙoƙarinsa, kowa ma ya gani, amma jiki ya ƙi. Ya koma gida ya huta, tuwonsa da na iyalinsa ba zai yanke ba muddin shi Yaya yana numfashi. Da tausayi ya faɗa, kuma ina ganin da faɗa ya yi da ya fi sauƙin ji. Mutumin Augie ya fara takawa yana ɗebo ƙasa yana murzawa a yatsu.

Taubashina ya dafa itacen ya tashi. Bai miƙe sosai ba, a sunkuye yake, hannu ɗaya a gefen ciki. Ya taka har bakin rijiya ya kama igiyar jigon ya tsaya.

"Ciwon na nan, Yaya, bai tahi ba. Da shi zan yi," ya ce. "Abin da ban da shi mai ja. Wanda ka ja min ya tahi, ni kuma ban iya ganin baƙo tsaye wurinai."

Tun ranar jana'iza ban ji ya ambaci ƙanensa ba sai nan. Ya ce in yana cikin fangula ba ya ɗaga kai, daga kukan sandar jigo yake gane marigayin ya gaji ko yunwa ta kama shi. Ya ce a shimfiɗar jinya ma marigayin tambayarsa yake yi wa zai ja masa bana. Daga nan ya jingina goshi da sandar ya yi kukan da ya kamata a yi tun bazara. Mu kuma muka yi abin da maza ke yi. Ni na duƙufa nazarin irin albasa kamar yau na fara ganinsa, mutumin Augie ya gano wani abu a jikin baburinsa da ke buƙatar gyara.

Yaya ya tako bakin rijiya. Shi ma ƙanensa aka binne, abin da duk muka manta saboda shi ne babba, shi ya tsaya karɓar gaisuwa. Ya tuɓe riga ya rataye a reshe, ya naɗe wando, ya karɓi igiyar daga hannun taubashina ya ce ya ɗauki kalme ya shiga ciki kafin rana ta take. Sannan ya waiwaya ya ba mutumin Augie haƙuri, ya ce bana dai ba za ta yiwu ba. Mutumin ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, kafin ya hau babur ma sai da ya nuna musu inda magudana ta fashe.

Yaya yana da yankan shinkafa da bugu a gabansa, saboda haka da sassafe kawai yake zuwa ya ja ya wuce. Ba su dasa fadamar duka ba, gefen da ke nesa da rijiya ya zauna haka a shekarar. Dashen kuma ya makara, albasar ta fito ƙanana, ba ta cika rudun ajiya ba. Da na je ranar cira na yanke hukunci cewa tafarnuwa ce ta ɗan yi ƙiba. Amma fadamar ta zauna a hannunsa, kuma da ruwa ya sake janyewa babu wanda ya tayar da zancen aro.

Ya ci gaba da zuwa wurin likitan a ranarsa har aka yi wa likitan canjin wurin aiki. Abin bai rabu da shi ba har tsufa. Yakan daɗe bai motsa ba, sai a yi rasuwa a unguwa ko wata damuwa ta taso ya dawo. Na sha ganinsa a tsakiyar fangula ya tsaya cak, ya dafe gefen ciki yana jira, ruwa na bin ƙafarsa. In ya ɗan lafa sai ya sunkuya ya toshe wannan baki ya buɗe na gaba.